Tafi Guda Kuka Ɗiba, Kuka Ɓata Sunan Gari Guda

Zuwa ga Mushe Darakta, shugaban furojen da ke auna zoborodo da ganyen shayi don neman sauran maganin ƙwari a cikinsu, a biro ɗinsa na Maraɗi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci mai riƙe da aikin jama'a, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikatanka baki ɗaya, har da saurayin nan mai safar hannu da za mu zo kansa nan gaba. Barka da zafin bazara, ko da yake na ga akwai na'urar sanyi a biro ɗinka, ta yiwu labarin zafin bai iso ka ba.

Sunana Haruna. A kasuwannin ƙasar Tasawa da Mayahi an fi sanina da Haruna Mai-tiya, saboda tiya, kwanon awo. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina awon hatsi da wake, daga Urafane har Gidan Amumune, sai da gwiwa ta ce ta gaji sannan na zauna. Ban yi lakwal ba. Bokon nan a ajin manya na tsince shi, da furfura a haɓata, don haka in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Sunan garinmu kuwa ba zan rubuta shi ba. Kun riga kun faɗe shi da lasifika, ya isa haka nan.

Takarda biyu na aiko maka a rufe, ba amsa. Na zo da ƙafata, ban ga ko inuwarka ba. Shi ya sa na bar wannan a buɗe, kowa ya karanta, tunda ku ma a bainar jama'a kuka yi mana naku aikin. Mu da muka tashi a gaban tsofaffi masu ba da labari, an koya mana a faro zance daga tushe, saboda haka ka gyara zama. Ni na ba ka yini guda a kan benci. Kai ma ka ba ni rabin awa a kan kujerarka mai juyawa.

Na farko, ka san abin da kuka auna.

Zoborodo a wurinmu shukar mata ce. Namiji na shuka hatsinsa da wakensa, mace ta bi gefen gona da 'yan ƙwayoyin gurguzu, wato irin zoborodo, a ƙullin zane, tana jefawa a kan iyaka. Shi ke raba gonata da ta maƙwabcina. Da damina a ci ganyen a miya, da kaka a yanke jan furen, a zauna a tsakar gida ana ɓare shi ɗaya bayan ɗaya har yatsu su yi ja su yi ta ƙaiƙayi, a shanya a kan tabarma, irin kuma a ajiye na shuka, saura a yi daddawa. Ba mai fesa masa magani. Ba don tsoron Allah ya yi mana yawa ba, a'a, don babu magidancin da zai sayo kwalbar magani ya ƙarar da ita a kan abin da kuɗinsa ba aljihunsa zai shiga ba. Wannan ko ka tambayi matanmu za su gaya maka, da ƙarin bayani wanda ba zan so ka ji ba.

Matata sunanta Cima. Shekara talatin ke nan, in ana suna ko buki a garinmu da ƙauyukan kewaye, ita ake aika wa ta haɗa zoborodon sha. Ta san yawan citta, ta san kanumfari, ta san lokacin da ake saukewa kafin ya yi ɗaci. Bara wani mai saye daga birni ya ce yana son zoborodo mai yawa, mai tsabta, za a kai shi waje. Cima ce ta bi gida gida ta tara mata talatin da bakwai, ta ce kowa ta ƙara layi, ta hana shanya a ƙasa, ta hana haɗawa da kara. Ita ta sa bakinta, su kuma suka bi ta don sun san ta.

Na biyu, buhunan da mangazar.

Da kakar da ta wuce, wakilin mai sayen ya turo buhuna a amalanke ya ce a zuba a ciki. Da aka kwance ɗaurin, tun daga zaure na ji warin. Mutumin da ya yi shekara arba'in da kansa cikin buhun wake ba ya buƙatar labo, ɗakin awonku, kafin ya gane buhun da aka yayyafa wa maganin ƙwari na piya-piya. Tsofaffin buhunan wake ne, har da ɓawon wake a kusurwoyinsu. Cima ta kira wakilin a talho a gabana, ta ce masa waɗannan ba na abin sha ba ne. Ya ce, "Inna, ku kakkaɓe su ku shanya, mota ba za ta jira ku ba." Aka kakkaɓe, aka shanya kwana biyu, aka zuba. Wannan kuskurenmu ne, na rubuta shi da hannuna don kada ka ce na ɓoye. Da mun ƙi. Amma mata talatin da bakwai sun yi wata biyu suna ɓara, ga mai saye a ƙofa, ba buhun da ya rage a garin bayan kaka. Kai ma da kana nan da ka zuba.

Motar da ba za ta jira mu ba, ita muka jira sati uku. Duk tsawon nan kayan na cikin wata mangaza a bakin kasuwar Urafane, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, ba taga, ƙofa a garƙame. Rabin ɗakin waken wani ɗan kasuwa ne, buhu kan buhu har rufi, kowanne da ƙwayar maganin nan da ake ƙullewa a tsumma a cusa ciki. Ɗaya rabin zoborodo ne, kuma ba namu kaɗai ba. Akwai na garuruwa huɗu bayan namu, duk wakili ɗaya ya tara, duk buhu iri ɗaya, ba alama, ba suna, ba ko zanen gawayi.

Na uku, ranar da mutanenka suka zo.

Ina wurin, ranka shi daɗe, ba labari aka ba ni ba. Ranar kasuwa ce, tsakiyar sanyi, ina zaune a rumfar wani tsohon abokin awona da ke kallon ƙofar mangazar. Farar mota ta tsaya, mutum biyu suka fito, saurayi da wata madam mai riƙe da takardu. Mai mangaza ya buɗe ƙofa, saurayin ya sa kai, ya ja da baya yana tari. Ya koma mota ya ɗauko abin rufe hanci ya ɗaura, ya sa safar hannu, sannan ya sake matsowa. Bai wuce taki biyu daga bakin ƙofa ba. Buhun da ya fi kusa da shi, wanda ke jingine da waken, shi ya kwance, ya ɗebi tafi guda daga sama, ya zuba a leda, ya ɗaure. Madam ta tambayi mai mangaza na wane gari ne. Mai mangaza ya duba hagu ya duba dama, ya faɗi sunan garinmu, don namu ya fi yawa kuma sunan Cima ya fi sani. Ta rubuta. Shi ke nan aikin. Ban kai ga shanye kofin shayina na biyu ba suka gama.

Na tashi da sandata na iske su. Na ce, ɗana, wannan buhun ka san na wa ne? Na ce in kana son ka san abin da ke cikin kaya, ba haka ake ɗiba ba. Ya dube ni ta saman abin hancinsa, ya ce, "Baba, wannan aikin siyansi ne, ba awon kasuwa ba ne." Madam ta yi murmushi, suka shiga mota.

To bari in gaya maka awon kasuwa, tunda ban samu na gaya masa ba. Ina yaro, maigidan da ya koya mini tiya ya taɓa aike ni in duba hatsin wani baƙo. Na buɗe bakin buhu, na ga hatsi tas kamar an wanke, na dawo na ce a saya. Da aka juye, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa ƙaiƙayi ne da rairayi. Bai dake ni ba. Ya sa na zauna a tsakiyar kasuwa na tsince rairayin nan da hannu har rana ta faɗi, mutane na wucewa suna yi mini sannu da aiki. Tun daga ranar, in zan duba kaya, hannuna sai ya nutse har gwiwar hannu. In ɗiba a sama, in ɗiba a tsakiya, in soka ta gindi. In buhu goma ne, sai na taɓa uku ko huɗu, kuma ba na bakin ƙofa ba, don na bakin ƙofa shi ne wanda aka ajiye don a gani. Kafin duk wannan kuma sai na san mai kayan, ya tsaya a gabana, in an samu aibi ya ji da kunnensa. Wannan shi ne awon jahilai. In siyansinku, wato kimiyyarku, bai kai nan ba, to a ina ya tsaya?

Kuma ka lura da abu guda. Yaronka ya rufe hancinsa. Wato ya san abin da ke cikin ɗakin nan, jikinsa ya gaya masa tun kafin injinku ya faɗa. Huhunsa ya kare na minti biyar, amma bai rubuta a takarda cewa furen ya kwana ashirin da ɗaya yana shaƙar abin da shi ya kasa shaƙa ba. Na san bai rubuta ba, don daga baya an karanta mini takardar daga sama har ƙasa, tunda ba da Hausa take ba. Sunan gari ne kawai a ciki, da lambobi.

Na huɗu, yadda kuka ba da labari.

Bayan sati shida farar motar ta dawo, wannan karon da lasifika a samanta. Ba ku je wurin maigari ba. Ba ku nemi Cima ba, alhali lambar talhonta na hannun wakilin. Kun zaɓi ranar kasuwa, lokacin da ta cika ta batse, kuka yi ta zagayawa ana shela cewa an auna zoborodon gari kaza an samu maganin ƙwari fiye da ƙima, jama'a su yi hattara. Sau nawa aka faɗa ban ƙirga ba. Na dai san Cima na zaune a layin masu kayan miya da ƙwaryarta a gaba, ta ji sunan garinta daga sama, mata suka juyo gaba ɗaya suna kallonta. Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ɗora a ka, ta tako har gida a ƙasa, ta ƙi hawa amalanke. Tun daga ranar ba ta sake taka kasuwa ba.

Kafin sati ya zagayo, 'yan kabu-kabu masu babur sun kai labarin har Gidan Amumune, kuma a hanya ya yi ƙiba. A can cewa ake mun kashe mutum uku. Samarinmu in sun tsaya shan esansi, wato man babur, sai a ce ga 'yan garin jan dafi. Mai sayen ya aiko a zo a kwashe kaya daga mangaza, shi ya fasa. Wakilin da ya kawo buhunan ya kashe talhonsa, har yau. Sauran garuruwa huɗun da kayansu ke ɗaki ɗaya da namu, ba wanda ya ambace su, suka kwashe nasu suka sayar a wata kasuwa, an sha, an yi hamdala. Ban ce a kama su ba. Ina nuna maka ne yadda aikinku ya kare lafiyar jama'a.

Na biyar, abin da ya sami Cima, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba asarar kayan ce ta fi ci mini rai ba. Manomi ya saba da asara, fara ta ci, fari ya ci, mu tashi mu sake. Wata guda bayan shelarku, 'yar ƙanwarta ta haihu. Ba a aiko mata ba, amma ta ce ɗiyarta ce, ba sai an aiko ba. Ta tashi ta haɗa zoborodo bokiti biyu da wanda ta ajiye a ɗaki, ta sa aka kai gidan suna. Da la'asar aka dawo da bokitan a cike, ko ludayi ba a tsoma ba, da saƙon wai an gode, an riga an sayo lemun kwalba. Ina zaune a zaure suka wuce da su ta gabana. Ta karɓa. Ta ɗebo kofi guda ta shanye a tsaye a tsakar gida, a gaban waɗanda suka kawo, ta ce su je su faɗa in ta mutu a zo jana'iza. Sauran ta tuttular a bayan darni.

Matan da ta tara kuwa, rabinsu sun daina gaishe ta. Barira, maƙwabciyarmu, wadda suka yi shekara ashirin suna daka a turmi ɗaya, ta tsaya a bakin rijiya ta ce, "Yaya Cima, ke kika ce mu ƙara layi, ga shi mun ƙara, sai ki zo ki shanye." Yaron wani gida ya yi gudawa, abin da yara ke yi kowace bazara tun kafin a haife ni, aka ce ai uwarsa ta taɓa karɓar zoborodo a hannun Cima. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, wadda rabin garin nan da abin hannunta aka yi musu suna, yau in ta doso sai a janye yara.

Mutum ɗaya ce ba ta canza ba, Hajo, wata Bafillatana da ke kawo nono tana karɓar zoborodo. Ta zo kamar kullum ta ajiye ƙwaryarta. Cima ta ce ba ki ji shela ba? Hajo ta ce ta ji, amma shanunsu ne ke cin karan gonakinmu kowace kaka, har da guntayen zoborodon kan iyaka, kuma da akwai abin da ake faɗa da sun gani a jikin maruƙa kafin mota ta gani. Ban ce maganar Hajo ta kai ta labo ba. Amma ita aƙalla ta taka gonar. Mutanenka ba su taka ba.

A nan zan faɗi abin da ba zai yi wa mutanenmu daɗi ba. Ban rantse cewa furenmu tas yake ba. Samarinmu na fesa wa wake magani, kuma waken na cikin gona ɗaya da zoborodon, iska kuma ba ta san iyaka ba. Suna fesawa ba awo, murfin kwalba ɗaya aka ce, su zuba uku don ƙwaro ya ji a jikinsa. Ɗana na cikina yana cikinsu, na yi faɗa har na gaji. Na ga gidan da ake ɗiban ruwa da galan ɗin magani. Saboda haka aunawa abu ne mai kyau, ni mai awo ne, ba zan zagi awo ba. Ta yiwu daga gona abin ya shiga. Ta yiwu daga buhu. Ta yiwu daga mangaza. Uku ne, kuma kowanne maganinsa daban. In gona ce, mu raba zoborodo da wake. In buhu ne, mu san wanda za mu riƙe. In mangaza ce, a daina haɗa abin sha da wake ɗaki ɗaya. Awonku bai gaya mana ko ɗaya ba. Ya dai gaya wa duniya sunanmu.

Na shida, ganyen shayi.

A ranar da aka ɗebi tafi gudan nan, na ga mutanenka sun shiga kanti uku a kasuwar sun sayi ganyen shayi, irin na kwali da ake kawowa daga waje, kowanne suka sa a ledarsa suka rubuta. Mota ɗaya suka shiga da zoborodonmu, labo ɗaya aka kai su. Namu ya fito cikin sati shida, da lasifika. Na shayi yau wata huɗu da 'yan kwanaki, ko tari ba mu ji ba.

Ranka shi daɗe, zoborodo sai an yi suna ko azumi ake shansa da yawa. Shayi kuwa kullum ne. Daga Tasawa har Mayahi ba inuwar da za ka wuce bayan azahar ba ka ga buta a kan gawayi ba. Makiyayi na sha a daji, direba na sha a tasha, ni kaina kofi uku nake sha kowace rana tun ina da haƙora duka. Kuma ba a wanke ganyen, tafasa shi ake har sau uku a tatse shi sarai. In akwai abin da ya kamata a yi gaggawar faɗa wa jama'a, shi ne wannan. Ban ce akwai komai a cikinsa ba, ban sani ba, ku ne kuka sani. In lafiya lau yake, me ya hana ku faɗa mu sha da kwanciyar rai? In ba lafiya ba, me ya tsare lasifikar? Abin da na lura kawai shi ne, masu zoborodo mata ne da ba su da lambar kowa, masu shigo da shayi kuwa suna da benaye, kuma in sun kira ana ɗauka. In na yi maka mummunan zato, takardar sakamakon na cikin durowarka, fito da ita ka kunyata ni.

Na bakwai, zuwana biro ɗinka.

Na hau mota tun da safe, na iso da hantsi. Mai gadi ya nuna mini benci. Na zauna har aka yi azahar, aka yi la'asar. Sau biyu na ga an wuce da tire na shayi an shiga wurinka, sai na ce a raina, to, ko dai ganyen lafiya lau ne, ko kuwa Mushe bai karanta takardarsa ba. Daga ƙarshe sakatare ya fito ya ce kana taro. Na nuna masa zoborodon da na ƙullo daga gida, na ce a auna wannan. Ya ce ba a karɓar abin da ba ma'aikaci ne ya ɗebo da hannunsa ba. Na ce to a auna ragowar na farko. Ya ce ya ƙare wurin aunawa. Na ce to a aiko ma'aikaci. Ya ce sai ƙungiya ta rubuto da tampo, wato hatimi, a kai. Ƙungiyar matanmu ba ta da tampo, ranka shi daɗe. Ranar da za ku ɓata musu suna ba ku nemi tampo ba.

Ga abin da sakatarenka bai tsaya ya ji ba. Matanmu ba su taɓa sayar da zoborodo duka ba. Kowace mace, kafin a zuba a buhu, takan ware na ɗaki, mafi ja, mafi kauri, ta zuba a tukunyar ƙasa ta rufe da murfi ta liƙe da laka, don azumi da baƙi. Wannan bai ga buhun wakili ba, bai ga mangaza ba. Daga gona sai tabarma sai tukunya. Na bi gida gida na roƙa kada a fasa, wasu sun riga sun zubar don tsoro, amma akwai tukwane goma sha ɗaya da lakarsu ba a taɓa ba, har da ta Barira, wadda ta zage ni tukuna sannan ta yarda. Amsar da ba ku nema ba tana nan zaune a ɗakunan matanmu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce.

Ɗaya, ka aiko ma'aikaci ya zo garinmu, a fasa tukwanen nan a gaban maigari da matan, ya ɗiba daga kowace, sama da tsakiya da ƙasa, a rubuta sunan mai ita. In bai iya ba zan riƙe masa hannu.

Biyu, a auna buhunan su kansu. Guda shida na nan a rataye a rumbuna, ba wanda ya taɓa su.

Uku, duk abin da ya fito, a fara gaya wa matan, da Hausa, a zaune, kafin kowa.

Huɗu, bayan nan motar nan da lasifikarta ta koma kasuwar da ta yi shela, ranar kasuwa, ta zagaya adadin da ta zagaya. In furenmu tas ne, ta faɗa, ta kuma faɗi cewa kuskuren daga wurinku yake. In kuwa an samu maganin har a cikin tukwane, ba sai kun wahalar da esansinku ba. Ni zan tsaya a tsakiyar kasuwa in faɗa da bakina, in tara abin da ya rage in cinna masa wuta, in kuma bi samarinmu gona gona. An san muryata a can, ba a taɓa kama ni da tiya mai gindi biyu ba.

Biyar, ku faɗi abin da kuka gani a ganyen shayi.

Kuma ka sani lokaci ba naka ba ne. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, an gama sharar gona. Matan sun ce bana ba mai jefa gurguzu a kan iyaka, kuma duk sun zuba ido su ga abin da Cima za ta yi. Shekaranjiya na iske ta ta sauko da irinta, wanda ta gada wurin uwarta take zaɓensa kowace shekara, ta wanke babbar tukunya ta tara itace, za ta dafa shi duka ta yi daddawa. In ya shiga ruwan zafi ya tashi daga iri. Na roƙe ta, abin da ban saba ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai da takardunka. Na ba ka har ruwan farko." Ta mayar da shi cikin ƙwarya, amma tukunyar ba ta ɗauke ta daga kan murhu ba.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai. Allah ya sa ka gama da aikin nan da mutuncinka. Allah ya tsare sunan mahaifiyarka daga bakin lasifika, ya kuma sa duk ranar da za a auna ka, a nutsa hannu har ƙasa, kada a tsaya a bakin buhu.

Ina zaure, ina kallon hanya, ina kallon gabas.

Wassalam, daga dattijon da ka bari a kan benci,

Haruna Mai-tiya,
mijin Cima,
ƙasar Urafane.